Hujin ganye ba shi ne ke sa a ɗauko feshi ba

Aikin malamin gona a ƙauyukan da ke tsakanin Ringim da Taura ya fi karkata ga manyan gonaki, wato gero da dawa da gyaɗa da riɗi. Amma koken da ya fi yawan iso mini da damina daga bayan ɗaki yake fitowa, inda mata ke shuka kuɓewa da yakuwa da rama, da 'yar kabewa tana bin danga. Maganar kusan ɗaya ce a kowane gida: "Malam, ƙwari sun mayar mana da ganye rariya, wane magani za mu saya?"

A makarantar koyon aikin gona an koya mana sunayen ƙwarin da na magungunansu. Abin da sai a bakin aiki na gane shi ne, kafin a yi zancen magani akwai tambayoyi biyu: shukar ta kai wane girma, kuma yaushe za a ci ta.

Mai huda kuɓewa da yakuwa da rama wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne mai tsawon kamar milimita 3, masana na kiran danginsa Podagrica. Akwai mai ruwan ƙasa, akwai mai baƙi-baƙi da sheƙi. Kana kai hannu zai yi tsalle ya ɓace, saboda cinyoyinsa na baya masu kauri ne. A gindin shuka yake saka ƙwai, 'ya'yansa su yi ta cin ƙananan saiwoyi a ƙarƙashin ƙasa, sannan su fito da fukafukai su hau ganye. Na wake kuma daban ne, ya fi wannan girma, ana ce masa Ootheca, shi ma daga ƙasa yake fitowa bayan saukar ruwan farko. Kabewa da kankana suna da nasu, wani ja mai ɗan tsawo.

Duk ukun a kan jaririyar shuka suke yin ta'adi na gaske. Kuɓewa mai ganye biyu ko huɗu, idan suka taru mata, ko ta mutu ko ta tsumbure. Amma wadda ta kai gwiwa tana fitar da sabon ganye fiye da yadda suke ci, hujin ya ɓata mata kyan gani ne kawai, 'ya'ya kuwa za ta yi. Na sha ganin an fesa guba a kan kuɓewar da ta riga ta fi ƙarfin ƙwaron, alhali makonnin farko da ya kamata a tsare ta an bar ta a banza. Abin da ke sa ni tsayawa a kan babbar shuka shi ne idan ganyen ya fara dabbare-dabbare na rawaya da kore yana murɗewa. Waɗannan ƙwari suna ɗaukar ƙwayar cuta daga wata shuka zuwa wata, kuma cutar ba ta jin feshi. Sai dai a tumɓuke wadda ta kamu a fitar da ita daga lambun. Wannan shawara ba ta yi wa kowa daɗi.

Tambaya ta biyu ita ce ta fi damuna. Manomin wake na iya fesawa ya jira kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba kafin ya girbe. Uwargida kuwa da la'asar za ta leƙa bayan ɗaki ta tsinko yakuwar miyar dare, kuɓewa ma kusan bayan kwana biyu ake cire ta. Ina kwanakin jiran za su shiga? Wata dattijuwa ta taɓa ce mini, "Ɗan nan, ai wankewa muke yi." Na ce, "Inna, ba duka ruwa ke fitarwa ba, kuma jikokinki a nan suke wasa." Mafi muni shi ne piya-piya da ake saye a kasuwa cikin kwalbar da ba ta da rubutu. A ganina ba shi da gurbi ko kaɗan a wurin da ake tsinkar ganyen miya.

Abin da nake ba da shawara ba baƙo ba ne, darbejiya ce da ke ƙofar kowane gida. Mutane sun fi tafasa ganyenta, amma ƙarfin yana cikin ƙwayar 'ya'yan. A tsinto waɗanda suka nuna, a wanke, a shanya a inuwa, a fasa a ciro ƙwayar a daka. Kamar gram 50 a lita ɗaya ta ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace da tsumma, a sa ɗan sabulu don ya kama ganye. Wanda ba shi da injin feshi ya yayyafa da tsintsiya, sama da ƙasan ganyen. Da yamma ake yi, domin rana tana kashe ƙarfinsa, kuma da safe ne zuma ke shiga furen kabewa, ita kuwa kabewa ba ta 'ya'ya sai an kai mata garin fure daga namijin fure zuwa macen. Sai an gaya wa mutum tun farko cewa ba zai ga gawar ƙwari a ƙasa ba. Darbejiya hana su ci take yi, kuma ana maimaitawa duk mako ko bayan ruwa mai ƙarfi. In ba a faɗa ba, washegari za a ce maganin malam bai yi ba.

Toka ma tana taimakawa idan an barbaɗa ta da sassafe kan raɓa, kafin ruwa ya wanke. Manyan ƙwarin kuma da sanyin safiya ba su da kuzari, ana karkaɗe su cikin kwano mai ruwan sabulu. Ban da hangara, mai cin furen wake da na kuɓewa: kada a sa yara su kama ta da hannu, ruwan jikinta yana sa fata ta yi bororo. A sa leda a hannu.

Akwai kuma wanda bai kamata a taɓa ba, wani ɗan ƙwaro kewayayye mai sheƙi da ɗigo-ɗigo a baya, wanda ke cin darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotse ruwan ganye. Yana da ɗan'uwa mai kama da shi da ke kankare ganyen kabewa da yalo har sai jijiyoyi sun rage, amma shi bayansa ba ya sheƙi, kamar an shafa masa ƙura. A riƙe ganyen a duba wanne ne a kai tukuna.

Sauran aikin na bayan girbi ne, lokacin da kowa ya manta da ƙwari. Karan kuɓewa da na yakuwa da ake bari a tsaye har rani, su ne ke riƙe ƙwarin zuwa baɗi. A tuge su, a kafce wurin, a saki kaji su tona. Idan fili ya ba da dama, inda aka yi kuɓewa bana kada a mayar da yakuwa ko rama, dangi ɗaya ne kuma ƙwaro ɗaya ke cin su. A sa alayyafo ko tumatir, ita kuɓewar a kai ta ɗaya gefen tsakar gida.