Direba zai sauka, motar tana nan: wasiƙa daga San Faransisko

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Ina fatan kuna lafiya, da iyali da harkoki.

Tun da bidiyon motocin nan masu tuƙa kansu ya fara yawo a wayoyi, tambaya biyu ke ta iso ni daga wajenku: wai da gaske ne, kuma in da gaske ne, ashe birane sun kusa rabuwa da gosulo ke nan? Amsar ta farko gajera ce, da gaske ne. Ta biyun ce ta zaunar da ni rubutu, domin ina ganin ana cika wa mutane kunne da alkawarin da motar ba za ta iya cikawa ita kaɗai ba.

Aikin ya faro a kamfanin Google a 2009, daga baya ya zama kamfanin Waymo a 2016. A 2020 ya buɗe wa jama'a haya ba kowa a kujerar direba a yankin Finiks na jihar Arizona, kuma a watan Agustan 2023 mahukuntan Kalifoniya suka yarda a riƙa ɗaukar fasinja da kuɗi dare da rana a nan San Faransisko. A China ma kamfanin Baidu na yin irin wannan haya a birnin Wuhan. Da manhajar waya kake kiran motar, ta zo ta tsaya a gefen titi, ka buɗe ƙofa ka zauna a baya. A kan rufinta akwai wata na'ura da ke juyawa ba hutu, tana harba hasken lesa don auna nisan duk abin da ke kewaye, ga kyamarori ga rada. Sitiyari na juya kansa, allon da ke gabanka na nuna maka abin da motar ke gani: mai keke a dama, wata dattijuwa na jiran tsallaka titi, motar shara ta tsaya a kwana. Ba ta gyangyaɗi, ba ta danna waya, ba ta jin haushin wanda ya sha gabanta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga duk wanda ya taɓa rasa nasa a haɗarin mota.

Akwai kuma wani nau'in cunkoso da haƙiƙa za ta iya magancewa. Kowa ya san shi: kana tafe lafiya a babbar hanya, sai komai ya tsaya cik, a yi ta jan ciki, can kuma hanya ta buɗe, ka duba ba haɗari, ba aikin titi, ba kowa. Masu bincike a Japan sun nuna yadda yake faruwa a wani gwaji da aka wallafa a 2008. Sun jera motoci 22 a kan da'ira mai tsawon mita 230, suka ce kowane direba ya riƙe gudun kilomita 30 a awa. Ba a jima ba wani ya ɗan matse na gabansa ya taɓa birki, na bayansa ya taka fiye da shi, na bayan wancan ya tsaya gaba ɗaya. Tsaikon sai ya riƙa tafiya baya-baya yana cin layin, alhali ba abin da ya tare hanya. Bayan wasu shekaru aka maimaita gwajin a Arizona, amma aka sa kwamfuta ta riƙe gudun mota ɗaya tak cikin kusan 20. Ita ɗayar nan, da ta ƙi yin totur da birki barkatai, ta daidaita sauran duka, har man da suke sha ya ragu. A Nuwamban 2022 an gwada dabarar da motoci 100 a wata babbar hanya kusa da birnin Nashville.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Cunkoson cikin gari, na safiya da yamma, asalinsa ƙarancin wuri ne. Titi yana da iyakar faɗinsa, mota kuma tana cin wurinta ko mutum ne ke tuƙa ta ko kwamfuta. Mutum 50 a cikin bas ɗaya sun wuce danja a lokaci guda. Su ɗin nan, in kowa ya hau tasa motar, layinsu zai kai ɗaruruwan mita, kuma cire direbobin ba ya rage tsawon layin ko da taku ɗaya.

Abin da ya fi damuna ma shi ne motar na iya ƙara yawan zirga-zirgar. In na tsaya a bakin titi da yamma, ba na daɗewa sai na ga irinsu sun wuce, fitila a kunne, kujeru fayau, ba rai ko ɗaya a ciki. Ta sauke wani tana neman wani, ko tana komawa wurin caji. A da, kowace mota a kan titi aƙalla tana ɗauke da mutum guda. Yanzu an samu wadda ke cin wurin mota cikakkiya ba ta ɗauke da kowa. Ku ɗauka gobe ta yi araha kowa ya mallaki tasa. Maigida ya isa ofis, kuɗin fakin ya yi masa tsada, sai ya tura ta gida ta jira, da yamma ta dawo ɗaukarsa. Tafiya biyu ta zama huɗu. Wanda da ba zai yarda ya zauna nesa da wurin aiki ba saboda wahalar tuƙi, yanzu ya yarda, tunda zai iya barci a hanya. An taɓa gwada wannan a yankin nan ta hanya mai sauƙi: masu bincike suka ba gidaje 13 direba kyauta na mako guda, don su ga yadda mutum ke yi in tuƙi ya daina zama nauyinsa. Nisan da motocin gidajen suka ci ya ƙaru da kashi 83 cikin 100. Gidajen kaɗan ne, na sani, amma sun nuna inda aka dosa.

Kuma garin nan ya taɓa jin irin wannan alkawari. Da Uber da Lyft, kamfanonin hayar mota ta manhajar waya, suka zo, cewa aka yi mutane za su ajiye motocinsu, titi ya sarara. A 2018 hukumar sufuri ta gundumar San Faransisko ta fitar da rahoto cewa kusan rabin ƙaruwar cunkoson da aka samu tsakanin 2010 da 2016 daga motocin hayar manhaja ne.

Wasu za su ce to a faɗaɗa titi mana, ko a ce tunda motocin kwamfuta na iya bin juna kurkusa, titi ɗaya zai ɗauki ninki. Birnin Hustan na jihar Teksas ya bi wannan shawara har ƙarshenta. An kashe kusan dala biliyan 2.8 aka faɗaɗa babbar hanyar Katy, aka gama a 2008, a wasu wuraren ta kai layi 26 in an haɗa da na gefe. Cikin 'yan shekaru lokacin tafiya a sa'o'in cunkoso ya sake hawa. Masana tattalin arziki biyu, Gilles Duranton da Matthew Turner, sun bi alƙaluman biranen Amurka suka wallafa a 2011 cewa duk yadda aka ƙara layin manyan hanyoyi, tuƙi na ƙaruwa kusan daidai da ƙarin. Wanda da yake hawa bas ya koma mota, wanda yake fita da sassafe ya koma fita tare da kowa. Duk wurin da kwamfuta za ta samar a titi, haka za a cike shi, a yi gudun gara a faɗa wa zago.

Biranen da suka ga sauƙi na gaske, abubuwan da suka yi ba su da ƙyalli. Singafo ta fara karɓar kuɗi daga mai shiga tsakiyar gari da mota tun 1975. Landan ta bi sahu a Fabrairun 2003 da fam 5 a rana. Labarin Sitokhom, babban birnin Sweden, ya fi burge ni: an fara gwaji a farkon 2006 mutane na ta ƙorafi, motocin da ke shiga suka ragu da kusan kashi 20 cikin 100, da aka kai maganar akwatin zaɓe a Satumba mazauna birnin suka ce a ci gaba. Niyok ta fara nata a Janairun 2025, dala 9 ga mai shiga kudancin Manhatan. Ba na ɓoye cewa irin wannan kuɗi na iya zama zalunci ga talaka in ba a tanadar masa wata hanyar ba. Shi ya sa dole ya tafi tare da abin da Kuritiba ta Brazil ta fara a 1974, Bogota ta Kolombiya ta faɗaɗa a 2000: a ware wa manyan bas layinsu su kaɗai, fasinja ya biya kafin ya shiga, bas ta zo a kan kari. Ma'aikaciyar asibitin da ke fita aiki da asuba ba ta buƙatar mota mai lesa a ka. Tana buƙatar ta san bas za ta zo, kuma ba za ta maƙale a bayan motoci masu mutum ɗai-ɗai ba.

A cikin irin wannan tsari ne nake ganin gurbin mota mara direba. Wani nazari da aka yi da kwamfuta kan birnin Lizbon na ƙasar Portugal a 2015 ya nuna cewa in ana hawa motocin a haɗe, masu hanya ɗaya a mota ɗaya, kuma jirgin ƙasa na aikinsa, za a iya yin zirga-zirgar garin da kusan mota ɗaya cikin kowace goma. Sharuɗɗan nan biyu su ne nazarin, kuma su ake tsallakewa in ana talla. Ta kwaso mutane daga unguwanni ta kai su tasha, ta yi aikin tsakar dare lokacin da bas ta tashi, ta ɗauki makaho da tsoho da wanda ba ya iya tuƙi: a nan kam ina maraba da ita hannu biyu.

Kada kuma a bar wa kamfani shi kaɗai ya faɗi lafiyar motarsa. A Oktoban 2023 a garin nan, wata mota mai direba ta buge wata mata ta jefa ta gaban wata mota mara direba ta kamfanin Cruise, ita kuma ta ja ta a ƙasa kusan mita 6. Mahukunta suka dakatar da lasisin kamfanin a watan, suna zarginsa da rashin bayyana cikakken abin da ya faru. 'Yan kwana-kwana su ma sun sha kokawa kan motocin da ke tsayawa cik a hanyarsu. Duk birnin da za a kawo wa wannan fasaha, ina roƙon mutanensa su nemi a rubuta a takardar izini cewa kamfani zai riƙa bayyana nisan da motocinsa suka yi ba fasinja, zai biya kuɗin kowace kilomita da suka ci fayau a lokacin cunkoso, kuma kuɗin zai tafi ga bas da jirgin ƙasa.

Ku gaida kowa da kowa. Wassalam.