Sai da na sayi firinta mai kala sau biyu kafin in koyi ƙirga shafi

Shagona yana kan hanyar da ɗalibai ke bi zuwa Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, nan Maraɗi, kuma abincinmu buga takardu ne: kundin kammala karatu, rahoton ƙungiyoyi, katin ɗaurin aure, wani lokaci takardar talla ta ƴan kasuwa. Na yi shekaru da injin baƙi da fari bai taɓa ba ni kunya ba. Da masu neman kala suka yi yawa, kullum ina nuna musu shagon wani da hannuna, sai na ce kai, wannan kuɗin ai nawa ne ke wucewa.

Na farko da na saya ƙaramin leza ne mai kala, sabo fil a kwalinsa, kuma farashinsa ne ya ruɗe ni. An rubuta a jikin kwalin cewa yana iya buga dubban shafuka a wata. Abin da ban gane ba lokacin shi ne, lamba biyu kamfanoni ke bayarwa. Akwai iyakar abin da inji zai iya ɗauka a wata guda kafin ya durƙushe, akwai kuma adadin da suke ba da shawara a riƙa bugawa kowane wata, kuma na biyun ya gaza na farkon nesa ba kusa ba. Babbar lambar ce a kan kwali. Ƙaramar sai ka tona takardun ciki.

Ya yi mako uku yana faranta mini rai. Sai lokacin kare kundi ya zo, ɗalibai suka cika benci har waje, kowa da ƴar kilensa ta USB a hannu, kowa gobe ne zai miƙa. Ana cikin haka shuɗin tona, wato garin tawadar da leza ke bugu da shi, ya ƙare, injin ya tsaya cak, ko baƙin rubutu ya ƙi fitarwa sai an sa masa sabon shuɗi. Ashe tonar da ke zuwa da sabon inji ta ɗanɗano ce, ba a cika ta ba. Da na tambayi kuɗin kala huɗun, wato shuɗi, ja, rawaya da baƙi, sai na ga sun kusa kamo kuɗin injin kansa. Na aika Kano aka kawo mini mai sauƙin kuɗi, injin ya ƙi karɓa, don akwai wata ƴar ƙwaƙwalwa manne a jikin kowane kartush, wato ƙoƙon tona, wadda ke gaya masa ko na yankin da aka sayar da shi ne. Nan na tuna da masu cewa araha ba ta ado.

Akwai wani dattijo mai gyaran injinan fotokofi a wajen Babbar Kasuwa, shi na kai wa kuka. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Ɗana, shafi nawa kake bugawa a wata?” Na ce da yawa, Baba. Ya ce da yawa ba lissafi ba ne, in koma in sami littafi in riƙa rubutawa, bayan wata guda mu yi magana.

Na ji haushi, amma na yi. Abin da littafin ya nuna ya ba ni mamaki. Kundin ɗalibi mai shafi 80, da ƙyar ka sami shafi goma masu kala a ciki: bango, taswira ɗaya ko biyu, zanen ƙididdiga. Rahoton ƙungiyoyi ne mai shan tona, don su ba sa barin shafi ba hoton mata a bakin rijiya ko tambarin masu ba da kuɗi. To a nan lissafin kamfani ke rabuwa da namu. In suka ce kartush zai buga shafi kaza, da shafin da kala ta rufe kusan kashi 5 cikin 100 nasa suke aunawa, kamar ƴar gajeriyar wasiƙa ke nan. Shafin da hoto ya cika shi kuwa yana iya lashe rabon shafi goma ko fiye. Ni da nake karɓar kuɗi ɗaya a kowane shafi mai kala, ashe a kan wasu ayyukan daga aljihuna nake ciko.

Kuma tona ba ita kaɗai ke ƙarewa ba. Baba ya buɗe wani babban inji a gabana ya riƙa nuna mini da tsinken sukudireba: ga ganga huɗu, kowace kala da tata, ga bel ɗin da ke tattara kalolin ya ɗora su a takarda, ga murhun da ke gasa tonar ta manne, wanda zafinsa ke kaiwa wajen digiri 180 zuwa 200. Kowanne da adadin shafin da yake yi ya mutu. Ya ce in haɗa kuɗinsu duka, kowanne in raba da yawan shafinsa, in ƙara kuɗin takarda da na wuta, wannan shi ne kuɗin shafi ɗaya. Kuɗin sayen inji kuwa sadaki ne kawai, ciyarwar tana gaba.

Da muka tashi sayen na biyu, manyan injinan ofis na hannu muka duba, irin su Konica Minolta bizhub, Ricoh da Canon imageRUNNER, masu ɗaukar babbar takarda ta A3, waɗanda tonarsu ke zuwa a doguwar kwalba maimakon ɗan kartush. Ban zaɓa don suna ba. Na tambayi Baba wanne ne kayan gyaransa ke samuwa tsakanin Maraɗi, Katsina da Kano, wanne ne kuma shi da kansa yake iya warwarewa ya mayar ido rufe. Injin da sai an jira kayansa daga Dubai, ko kyauta ne ba na so.

Ranar dubawa ya hana ni cinikin biri a sama. Abu na farko, ya leƙa bayan injin ya karanta ƴar farantin da ke manne: 220 zuwa 240 ne ko 120? Waɗanda ke fitowa daga Amurka na wuta 120 ne, tamu kuwa 220 ce, kuma na san wanda ya jona irinsa kai tsaye ya ji ƙauri. Sannan ya sa aka fitar da takardar kwanta, wadda ke nuna shafi nawa injin ya buga tun haihuwarsa da sauran kwanan kowane kaya. Sai ya ce in ba da aikina, a kan takardata, kada in yarda da hoton gwajin da mai sayarwa ya ajiye. Na ba da bangon rahoto mai shuɗin sama daga kai har ƙasa, muka buga 50 a jere. Inji na farko ya fitar da shi da kyau har wajen na talatin, daga nan wani ɗan ɗigo ya fara bayyana, yana maimaita kansa a tazara ɗaya, kamar sawun tsuntsu a rairayi. Baba ya ce ganga ce ta ji rauni. A na biyu ya ɗauki takardar tana da ɗumi, ya murza da babban yatsa, ya nuna mini yatsan ya yi shuɗi: murhu ya gaji. Na uku ne ya wuce, har da katin giram 250 ta ƙofar gefe ba tare da ya maƙale ba.

Maganar dpi kuwa, wato yawan ɗigon da inji ke bugawa a inci ɗaya, wadda masu sayarwa ke cika baki da ita, ban ɓata mata lokaci ba. A rubutu da zane, 600 ya ishi idon kowa. Abin da mai aiki ke gani shi ne ko jan tambarinsa ya fito ja, kuma ko kwafi na 300 ya yi kama da na farko.

Wanda bai zauna nan ba ba zai gane rabin wahalar ba. Leza babba in tana ɗumama murhu tana jan wuta fiye da wat 1,000, shi ya sa ba a ɗora ta kan ƙaramin batirin da ke riƙe kwamfuta, kuma ƙaramin gurup, wato janareta, in ta fizge shi har muryarsa ke canzawa. Na saya mata regilata mai ƙarfi, mai daidaita wuta, tun kafin ta kwana a shagon. Ƙurar hunturu tana shiga ko ta ina, ta sa robar da ke jan takarda ta yi santsi, sai ka ji inji yana ta gurnani bai ɗauki komai ba; tsumma mai ɗan danshi ke maganinsa, da mayafin da muke rufe shi kowane dare. A watan Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, ba na yin dogon aiki da tsakar rana sai da sanyaya ɗaki. Da damina kuma takarda ke shan laima ta fito a nannaɗe, don haka ba ma buɗe ram ɗin takarda sai za a yi aiki da shi, kuma ba a ajiye shi a ƙasa.

Daga baya na ƙara da ƙaramar Epson mai tankin tawada. Ba ta da sauri, kuma in ta yi kwanaki ba aiki bakinta na toshewa, amma wutar da take ci kaɗan ce ƙwarai, ko wutar hasken rana na riƙe ta, kuma a hoto kan takarda mai sheƙi ta fi leza. Amfaninta ya fito a 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, da Najeriya ta rufe iyaka ta kuma katse wutar da take turowa. Hanyar Ɗan Isa da Jibiya da muke samun tona ta tsaya, babbar injin ta koma aiki sa'o'i kaɗan a rana, ƴar ƙaramar ce ta riƙe shagon. Tun daga lokacin ba na bari kabad ya rasa cikakken saiti ɗaya na kala huɗu, kuma ranar da na buɗe kwalba, ranar nake aika kuɗin wata.

Ƙaramin lezan farko yana nan a ƙarƙashin tebur, yaran shago na ɗora masa butar shayi. Makon jiya wani Alhaji mai shirin buɗe irin wannan sana'a a unguwar Zariya ya gan shi ya ce in sayar masa. Na ce, “Alhaji, shafi nawa za ka riƙa bugawa a wata?” Ya ce da yawa. Na ɗauko masa littafi.