Ba kowace ciyawa mai rawaya ke jin ƙishi ba

Shekarata ta farko da fara kula da ciyawar ado a wani gida da ke unguwar Ali Ɗan Sofo a Maradi, na ɗauka cewa duk inda ciyawar ƙiri-ƙiri ta yi rawaya, ruwa take nema. Saboda haka da wasu tabo masu siffar faifai suka fito a tsakar fili wajen ƙarshen damina, sai na riƙa sakar musu tiyo bayan magariba, na kuma barbaɗa takin ure da hannu sake. Cikin mako biyu tabon suka faɗaɗa har suka haɗe da juna.

Wani dattijo mai lambu a bakin Gulbi ne ya tsugunna ya ja ganye ɗaya daga gefen tabon, ganyen kuwa ya zame ba tare da wani ƙarfi ba, gindinsa ya yi baƙi ya ruɓe. Ya ce mini, "Ɗana, wannan funfuna ce, kai kuma kake ciyar da ita." Daga baya na san cewa masana na kiran ta Rhizoctonia solani, tana zaune cikin ƙasa, kuma tana tashi ne idan ganye ya kwana da laima.

Jan ganyen nan shi ne babban abin da na koya, domin da shi ake rarrabe matsaloli uku masu kama da juna a ido. Ciyawar da ke jin ƙishi ganyenta nannaɗewa yake, amma yana riƙe gam. Wadda gara ta ci, za a tarar da gininta na ƙasa a jiki. Ta funfuna kuwa gefen da'irar ne ke yin rawaya, saiwar galibi tana da rai, shi ya sa fili ke farfaɗowa idan an gyara hali.

Yanzu da asuba nake ban ruwa, ruwa mai ratsa ƙasa amma ba kullum ba, don rana ta busar da ganye. Ure yana da kashi 46 cikin ɗari na naitirojin, yana fitar da ganye mai taushi da cutar ke so, don haka nakan dakatar da shi da zarar tabo ya bayyana. Ba na yanke fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ciyawa, nakan kuma bar wurin da ya kamu zuwa ƙarshe, in kwashe yankan, in wanke wuƙar injin. Maigida ya so a sayo magani tun ranar farko. Amma maimakon haka, kwarin da ruwa ke kwanciya kusa da famfo muka fara cikewa da yashi.