Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Shekarun da Na Yi Ina Jira a Ƙofar Gidajen Giya

Makon jiya na tsaya a inda na karɓi lasisin tuƙa tasi a birnin Nottingham na Ingila, bayan takardar digirin ta ƙi zama tuwo. Yau zan faɗa muku abin da har gobe Inna ba ta san cikakkensa ba: yadda ni, ɗan malamin tsangaya, wanda ko hanyar mashaya ba ya bi a gida, na haddace sunayen gidajen giyar wani birni kamar sunayen ƙannena.

Ba da son raina ba ne. Na yi wata biyu ina bitar sunayen tituna, ashe fasinjan dare ba ruwansa da titi. Zai faɗo cikin mota ya ce "Bell", ko "Salutation", ya jingina kai ya rufe ido. Daren farko na kai wani mutum can wata unguwa daban, saboda sunan da ya faɗa mashaya biyu ke da shi. Ya zazzage ni tas, sannan ya ce, "Ba komai, agwagwata." Na kwana ina tunanin zagi ne. Sai daga baya na gane haka mutanen garin ke kiran kowa, namiji da mace, kamar yadda mu za mu ce "ɗan'uwa".

Wanda ya buɗe min ido wani dattijo ne da nake ɗauka duk ranar Alhamis da yamma. Ya haura saba'in, yana dogara sanda, kullum da taye a wuyansa ko da zafi ake. A saman mashaya aka haife shi, a unguwar St Ann's, ubansa ne maigidan wurin, shi ma daga baya ya riƙe wata na tsawon shekaru. Ina ce masa Baba, yana ce min yaro. Da ya ji ba na sha, bai yi min kallon da wasu ke yi ba. Cewa ya yi, "Ubana ma ba ya sha sai an rufe. Mai sayarwa in ya zama mai saye, gidan ya mutu."

Shi ya fara nuna min ɗan siririn rubutun da ke saman ƙofar tsofaffin mashayu. Sunan mai lasisi ne, mutum guda wanda hukuma za ta kama in an yi ɓarna. Ya ce a zamanin ubansa, maigidan mashaya shi ne rabin mai unguwa. Shi ke ajiye wa ma'aikata kuɗin da suke tarawa mako-mako don Kirsimeti, wato adashi ke nan ba wani abu ba. Shi ya san wanda aka kora daga aiki, da wanda matarsa ta yi yaji. A ƙarni na 19 ma, in an tsinci gawa, sau da yawa a ɗakin mashaya ake zaman binciken mutuwar. Ina jin haka sai kakana ya faɗo min a rai, wanda ya yi fatoma: baƙo ya sauka a zaurensa, ya ajiye kaya da kuɗi, ya samu labarin gari. Bambancin dai abin da ke cikin ƙwarya ne, kuma ba ƙaramin bambanci ba ne, ban ce ba.

Har allunan masu zane da ke rataye a waje suna da asali. Tun 1393 Sarki Richard na Biyu ya wajabta wa masu sayar da giya su rataya alama, don masu duba ingancinta su gane gidan. Yawancin mutane a lokacin ba su iya karatu ba, shi ya sa ake zana ƙararrawa, ko zaki, ko kambun sarauta.

Wata Alhamis ya ce in kai shi wata tsohuwar mashaya, Ye Olde Trip to Jerusalem, in kuma kashe mota in shigo. Na yi ta kame-kame. Ya ce rana tsaka ce, 'yan yawon buɗe ido ne cike da yaransu, lemo zan sha. Na shiga da bismillah da faɗuwar gaba.

Gidan a gindin dutsen da fadar garin ke kai yake, ya manne da shi kamar sheƙar tsattsewa. Daga waje farin gini ne ɗan ƙarami, amma kana shiga sai ka ga bango ya ƙare, dutse ya fara. Ɗakunan ciki kogo ne da aka sassaƙa da hannu. Dutsen Nottingham mai taushi ne, yashi ne da ya dunƙule. Na goga yatsa a jikinsa sai ga ƙwayoyi sun biyo ni. Saboda haka garin ke da koguna sama da 800 a ƙarƙashinsa, kuma masu giya suka fi kowa morarsu, don sanyin ciki ba ya canzawa rani da damina. A wani ɗaki akwai ƙaramin jirgin ruwa na katako cikin gilashi, ƙura ta yi masa riga. Wai duk wanda ya share shi sai ya mutu, shi ya sa aka daina. Na ce wa Baba, ashe ku ma kuna da camfi. Ya ce, "To je ka share mana." Ban je ba. Akwai kuma wani wasa da zobe ɗaure a igiya, ana wurga shi ya maƙale a ƙaho da ke jikin bango. Sau tara na gwada, shi kuwa da hannunsa mai rawa sau biyu kawai.

A jikin ginin an rubuta da manyan baƙaƙe cewa shi ne masauki mafi tsufa a Ingila, tun 1189. Baba ya ce in dubi shekarar da kyau. Shekarar da Richard na Farko ya hau mulki ce, kuma labarin da ake bayarwa shi ne a nan mayaƙansa suka yada zango kafin su tafi ƙwato Ƙudus. Na yi shiru ina lissafi. Salahuddin Ayyubi ya karɓi birnin a 1187, su kuma suka je suka dawo ba su same shi ba. Ga ni zaune da kofin lemo a inda ake cewa an yi shirin yaƙar mu. Na faɗa masa, ya yi dariya har da tari, ya ce kada in damu, don masana tarihi ba su yarda ba. Ginin da ke tsaye na ƙarni na 17 ne, a 1751 sunansa The Pilgrim, sunan Jerusalem kuwa sai a 1799 ya bayyana a takarda. Ga Salutation na iƙirarin 1240, ga Bell na cewa ita ce ta gaske. Kowane gida da shekararsa, kamar gidajen sarauta in ana jayayyar asali.

Masu gidajen suka fi burge shi, ba duwatsun ba. Ya ba ni labarin George Henry Ward, wanda ake wa laƙabi da Yorkey, da ya riƙe Trip daga 1894 zuwa 1914, wanda har yau ake cewa fatalwarsa na yawo a kogunan. Amma gwaninsa William Clarke ne. Birkila ne da ya bar siminti ya zama maigidan Bell, ga shi ɗan wasan kurket. Sai ya auri wata mata da mijinta ya rasu, Mary Chapman, mai riƙe da Trent Bridge Inn a bakin kogi. Bayan gidan nata akwai fili. Clarke ya kewaye shi, ya share, a 1838 aka fara wasa, yana karɓar kuɗin shiga. Filin nan shi ne Trent Bridge da duniya ta sani yau. Duk sa'ad da muka haye gadar sai Baba ya nuna da sanda ya ce, "Matar ya aura ko filin?" Ban taɓa ba shi amsa ba, don na san irin wannan auren a gida.

Nasa labarin bai yi daɗi haka ba. A zamaninsa yawancin mashayu ba na mai riƙe da su ba ne, na kamfanin giya ne. Kana haya, kuma dole kayansu kaɗai za ka sayar, a farashin da suka yanka. A Nottingham manya uku ne: Shipstone's, Home da kuma na Kimberley. Ya ce da, in ka ga launin fentin gida ka san na waye. Shipstone's ta daina dafawa a 1991, Home a 1996, ta Kimberley kuma a 2006, ina garin. Shi kansa wani kamfanin da ya sayi gidansa ne ya yi ta ƙara masa haya har ya miƙa makulli. Da aka hana shan taba a cikin mashaya a Yulin 2007, na ga tsofaffi tsaye a waje cikin yayyafi da sigari a hannu. Gaskiya ni dokar ta yi min, don kujerun motata sun huta da wari. Shi ko ya ce an kori sauran abokansa ne kawai.

Ba zan yi muku ƙarya in ce na ƙaunaci aikin ba. Wajen ƙarfe 11 na dare in aka kaɗa ƙararrawar sayen ƙarshe, abin da ke fitowa daga ƙofofin nan ba tarihi ba ne. Na wanke amai da asuba kafin in yi alwala, ba sau ɗaya ba. Na kai mace gida tana kuka, mijinta na rera waƙa a gefenta.

Ranar ƙarshe da na ɗauke shi, ya ce mu bi ta St Ann's. An rushe tsohuwar unguwar wajen 1970, an gina sabuwa, titunan ma ba su zauna inda suke ba. Ya sa na tsaya kusa da wani ɗan filin ciyawa, ya fita, ya yi taku goma sha biyu daga bakin hanya, ya dawo da baya taku uku, ya caka sandarsa a ƙasa. Ya ce nan ne ƙofar, nan kuma matakalar da ake gangara ganguna. Wani yaro a kan keke ya tsaya yana kallonmu. A nan ne wayata ta yi ƙara, Inna ce. Ta ce, "Auta, ina kake nake jin iska haka?" Na ce ina wajen aiki, na rako wani dattijo gidansu.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin jakar da aka manta a motata daren Kirsimeti.