Kyamara ta biyu a aikin biki: abin da nake dubawa kafin in fitar da kuɗi

Duk mai ɗaukar hoton biki a cikin Hausawan Legas ya san bikinmu ba a wuri ɗaya yake gudana ba. Ranar Asabar da hantsi maza suna masallaci a Agege ko Idi-Araba ana ɗaurin aure, a daidai lokacin kuma mata suna cikin gida ana yi wa amarya kwalliya, gwaggwanni da ƙawaye na shiga suna fita. Ni namiji ne, iyakata ƙofar gida. Ƙanwata ce ke shiga ciki, ni na koya mata aikin, kuma hotunan da take fitowa da su daga ɗakin amarya su dangi suka fi ɗauka idan an zo zaɓen na albam. Saboda haka kyamarata ta biyu ba ta kwana a jaka tana jiran ta farko ta lalace. Tun safe take aiki har a kai amarya.

Yaran da ke tasowa a sana'ar kan tare ni su ce, "Oga, wace bodi zan ƙara?" wato jikin kyamara ba tare da lensi ba. Kafin in ambaci sunan kowace kyamara sai na tambayi yaro me yake riƙe da shi yanzu, wane lensi gare shi, wane batir ne a cajarsa. Amsar tana nan a cikin jakarsa.

Ni da Canon 5D Mark IV nake aiki, wadda ta fito a 2016. Lensina duka na EF ne, wato irin na Canon da ke hawa kanta: 24-70, da 70-200, da 35, da 85. Da na tashi ƙara ta biyu, abokan aiki da yawa sun ce in ɗauki Sony A7 III, kuma ba su yi ƙarya ba, kyamara ce mai kyau, tana ganin ido a duhu, tana cin memori biyu. Amma sayenta na nufin sabon batir, sabuwar caja, sabon filash, da lensin da ba zai hau ɗayar ba. Idan ƙanwata ta aiko yaro ya ce batirinta ya mutu, ina so in zaro na aljihuna in miƙa masa, shi ke nan. Idan ta farko ta tsaya ana tsakiyar siga, ina so in cire lensin in ɗaura a ɗayar ba tare da tunani ba. Mai Nikon ma haka nake gaya masa: in D750 gare ka, nemi 'yar gidansu.

Akwai kuma launi. Kowane kamfani da irin yadda yake fitar da fatar mutum, da jan lalle, da farar shadda. Albam ɗaya ne, shafin dama hoton masallaci, na hagu hoton cikin gida. In kyamarorin ba gida ɗaya suka fito ba, za ka kwana a gaban Lightroom, manhajar gyaran hoto, kana ƙoƙarin daidaita fuskar amarya don kada ta zama mutum biyu. Ana iya yi, amma lokacin da zai ci ya isa ka gama wani bikin.

Abin da ba na sassauci a kansa shi ne ramin memori biyu. Waliyyi sau ɗaya yake cewa ya bayar, wakilin ango sau ɗaya yake cewa ya karɓa, a shafa fatiha a watse. Kamu ma haka, buɗar kai ma haka. Ba za ka koma ka ce wa dattawa su sake zama ba don memorinka ya ƙi buɗewa. Memori kuwa yana lalacewa ba sallama, balle a garin da na jabu ya cika kasuwa. Kyamara mai rami biyu tana rubuta kowane hoto a wuri biyu lokaci guda, in ɗaya ya mutu ɗayan na nan. Wannan kaɗai ya sa na tsallake 6D Mark II, da EOS R, da RP, da R8. Dukkansu suna fitar da hoto mai kyau, dukkansu rami ɗaya ne. RP da R8 ma ƙaramin batir suke ci, LP-E17, wanda bai haɗu da nawa ba. Na san masu aikin biki da su shekara da shekaru ba abin da ya same su, Allah ya ƙara tsarewa. Ni dai amanar mutane ce a wuyana, ba zan iya ba.

Da na tace, biyu suka rage mini: 5D Mark III ta 2012, da R6 ta 2020. Mark III kamar wa da ƙane suke da Mark IV, maɓallansu kusan wuri ɗaya, memorinsu iri ɗaya, CF da SD, batir ɗaya. Ga wanda kuɗinsa bai kai ba har yau ita nake nuna masa, ba kunya a ciki. Amma na ɗauki R6, kuma ɗakin amarya ne ya yanke hukuncin. Ɗakunan gidajen haya a Agege ƙanana ne, taga ɗaya, ga jama'a sun tsaya a bakinta, wuta kuma ta ɗauke ko janareto yana ba da wani haske rawaya. Wasu iyaye ba sa son walƙiyar filash a fuskar yarinya tana kuka. R6 marar madubi ce, tana kama ido da kanta ko amarya ta sunkuyar da kai ta ɗago, tana rage rawar hannu daga cikin bodin, tana jure duhu fiye da Mark III nesa ba kusa ba. Ramukanta biyu ne na SD. Lensina na EF suna hawa da adaftar Canon ba tare da wata matsala ba, tsofaffin batirana na LP-E6N kuma suna shiga. Megafiksel 20 ne kawai, wasu na raina ta a kan haka, amma ban taɓa buga firem ɗin falo da ya gaza ba.

Tana da nata halin. Tana shan batir: Mark IV kan kai hoto wajen 900 a caji ɗaya bisa ƙiyasin kamfani, R6 kusan rabin haka. Idan aka matsa mata da dogon bidiyo na 4K tana zafi, ga zafin Legas. Kuma a hol ɗin dina mai fitilun LED, in ka sa ta a ɗauka marar sauti kana iya ganin layi-layi a hoton, gara ka bar shota na ƙarfe ya yi ƙararsa.

Da yamma, in an haɗu a hol, duka biyun suna dawowa kafaɗata. 24-70 a ɗaya don taro da liƙi, 70-200 a ɗayar don fuskar uwar amarya daga nesa. Ba na canja lensi a tsakiyar fili, ana turereniya, turaren wuta na tashi.

Maganar saye kuma. Tun da aka saki naira a 2023 sabuwa fil ta fi ƙarfin yawancinmu, tokumbo, wato ta hannu, muke nema a Computer Village da ke Ikeja ko hannun abokin sana'a. Ka je da lensinka da memorinka da laftop, kada ka gwada da na mai shago. A irin waɗannan kyamarorin Canon ba ta nuna adadin hotunan da shota ya ɗauka a cikin menu, sai an jona ta da kwamfuta an duba da manhaja. An ƙiyasta wa Mark III 150,000, to in ta kusa can ka sa kuɗin canjin shota a lissafinka. Ka ɗauki hoton farin bango a f/16 ka ga dattin sensa. Ka leƙa ramin CF da tocila, domin alluransa suna lanƙwashewa. Ka duba alamar fumfuna ko tsatsa a ramin batir da kan kusoshi, saboda damshin garin nan yana cin kaya a hankali, musamman wanda aka ajiye a unguwannin bakin ruwa. Ka gwada ramukan biyu suna rubutu tare, a gaban mai kayan. In ya ƙi ba ka ko kwana biyu na gwaji, akwai wani shagon a gaba.

Wanda bai tara kuɗin ba tukuna ya yi haya ranar biki, ya sa kuɗin hayar a cikin cinikin tun farko. Ya dai karɓo ta tun jajibere ya zauna da ita, ya saita ta daidai da tasa.

A daren jajiberen nan ne ni da ƙanwata muke ajiye kyamarorin gefe da gefe mu daidaita agogonsu har daƙiƙa, mu canja harafin farkon sunan fayil na Mark IV don kada lambobi su ci karo. Da haka in na zuba hotunan a kwamfuta suna jeruwa da kansu bisa lokaci: hannayen maza a sama ana fatiha a masallaci, na gaba da shi kuma fuskar amarya lokacin da wayar gwaggonta ta yi ƙara aka ce an ɗaura.