King Creole: yadda aka ɗinka waƙa goma sha ɗaya a jikin labarin 'yan daba

A cikin finafinai 31 da Elvis Presley ya fito a matsayin ɗan wasa, King Creole na shekarar 1958 ne na huɗu, kuma shi ne wanda ko mutumin da bai damu da waƙoƙinsa ba zai iya zama ya kalla har ƙarshe. Fim ne baƙi da fari, tsawonsa minti 116, da waƙoƙi 11 a ciki. A lissafi ke nan kusan duk bayan minti goma sai an yi waƙa, amma a labarin akwai sata, akwai fashi, akwai sukan wuƙa da harbin bindiga, kuma mutum uku ne suka mutu. Haɗa waɗannan biyun ba ƙaramin aiki ba ne. Waƙa tana tsayar da labari, shi kuwa labarin masu laifi idan ya tsaya sai fargabar mai kallo ta huce, kuma ba ta dawowa da sauƙi.

Asalin labarin littafin Harold Robbins ne na 1952, A Stone for Danny Fisher, inda Danny ɗan dambe ne a New York. Furodusa Hal Wallis na kamfanin Paramount ya sa Herbert Baker da Michael Gazzo suka sake rubuta shi, aka mayar da ɗan damben mawaƙi, wanda Elvis ya fito a matsayinsa, aka kuma ɗauke labarin zuwa New Orleans. Wannan canjin gari shi ya warware rabin matsalar. A unguwar French Quarter, musamman titin Bourbon, gidajen rawa a jere suke, kiɗa sana'a ce da ake ci da ita, kuma mai kuɗin da ya mallaki gidajen shi ne ke da iko da mawaƙa. Saboda haka muryar Danny ta zama kadarar da ake rigima a kanta. Maxie Fields, wanda Walter Matthau ya fito a matsayinsa, yana riƙe da kusan duk gidajen rawar unguwar, sai guda ɗaya na Charlie LeGrand mai suna King Creole. Da Danny ya fara cika wannan gida da jama'a, dole Maxie ya nemi mallakarsa ko ta halin ƙaƙa. Kowace waƙa da ta yi daɗi a kan dandamali ƙara jawo wa yaron haɗari take yi.

A duba waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya za a ga kusan kowace da aikin da aka ɗora mata. "Crawfish" ce ta buɗe fim: gari ya waye, masu talla suna kiran hajarsu a titi, wata mai sayar da ƙananan halittun ruwa tana rera tallarta da muryar Kitty White, Danny kuma yana amsa mata daga barandar bene. Cikin 'yan mintuna an nuna gari, an nuna talaucin unguwa, an nuna yaron yana da murya, ba tare da wani ya buɗe baki ya yi bayani ba. "Steadfast, Loyal and True" taken makarantarsu ne, kuma ba don daɗi ya rera shi ba, wasu mashaya ne da suka kwana a gidan rawar da yake shara suka tilasta masa. Ba kiɗa, ba komai, murya ce zalla, kuma wulaƙancin ne abin kallo. "Lover Doll" kuwa kayan aikin sata ce: Danny yana kaɗa jita a cikin kanti, hankalin kowa ya koma kansa, yaran wani ɗan daba mai suna Shark suna ɗibar kaya. Nellie mai aiki a kantin, wato Dolores Hart, ita kaɗai ta gane abin da ke faruwa, daga nan kuma soyayyarsu ta faro.

Wadda ta fi kowace aiki ita ce "Trouble", ta Jerry Leiber da Mike Stoller. Maxie ya lura akwai sanayya tsakanin farkarsa Ronnie da wannan yaro mai kwashe kwanuka. Ronnie ta kare kanta da cewa waƙarsa kawai ta taɓa ji. Sai Maxie ya ce to ya hau ya yi waƙar a gaban kowa. Idan ya kasa, ƙaryar Ronnie ta fito, kuma mun riga mun san abin da Maxie ke yi wa mata. Tun kafin a busa ƙaho na farko, mai kallo yana da abin tsoro. Sannan ga yadda aka gina kiɗan: makaɗa su buga gaɓa kaɗan su yi tsit, mawaƙi ya faɗi layi ɗaya shi kaɗai, su sake bugawa su yi tsit. Waɗannan guraben shiru dukiya ce ga mai tace hoto, domin a cikinsu ake yanka a nuna fuskar Maxie, a nuna ta Ronnie, a dawo kan Danny, ba tare da an karya bugun waƙar ba. Waƙar da kiɗanta ke tafiya babu tsayawa ba ta ba da wannan dama, duk yankan da aka yi a tsakiyarta sai ya zama kamar an juya wa mawaƙi baya.

Ta fuskar aiki, ba a rera waɗannan waƙoƙi a gaban kyamara. An fara naɗarsu a sutudiyon Radio Recorders da ke Hollywood a watan Janairun 1958, tare da makaɗansa na kullum, Scotty Moore a kan jita, Bill Black a kan bas, D.J. Fontana a kan ganga, da 'yan amshin Jordanaires, aka kuma ƙaro masu busa ƙaho domin a samu ɗanɗanon kiɗan New Orleans. Ranar ɗauka sai a kunna waƙar ta lasifika, ɗan wasa ya bi ta da baki. Dalilin yin haka a fili yake: waƙa ɗaya ana ɗaukarta sau da dama, daga nesa, daga kusa, daga gefen 'yan kallo, kuma in ba sauti ɗaya ake bi ba, gutsattsarin ba za su haɗu a teburin tacewa ba. Kyamara tana ɗaukar hoto 24 a daƙiƙa guda, dole na'urar da ke kunna waƙar ta yi gudu daidai da ita. In ta yi saɓani ko da kaɗan, a farkon waƙa ba za a lura ba, amma kafin ƙarshe leɓe da murya sun rabu, kuma hoto biyu ko uku na tazara sun isa ido ya kama a ɗaukar kusa. Wani kuskuren da aka saba gani shi ne ɗan wasa ya motsa leɓe kawai bai fitar da murya ba. Jijiyar wuya ba ta tashi, ƙirji ba ya ɗagawa wajen jan numfashi, mai kallo sai ya ji wani abu bai yi daidai ba ko da bai san mene ne ba. Maganinsa a rera da ƙarfi tare da lasifikar, tunda ba za a yi amfani da sautin wurin ba. Haka ma kayan kiɗa: in kunne yana jin ƙaho, ido yana son ganin mai busa shi. A King Creole yawancin waƙoƙin a kan dandamali ake yinsu da makaɗa a bayansa, don haka wannan tambaya ba ta tasowa.

Darakta Michael Curtiz, mutumin Hangari da ya yi Casablanca a 1942, ya haura shekara 70 lokacin, Elvis kuma yana da 23. Shi da mai ɗaukar hoto Russell Harlan sun haska fim ɗin kamar na masu laifi, ba kamar na rawa da waƙa ba. A fim ɗin waƙa na wancan zamani akan buɗe fitilu ko'ina ya yi haske, ga launi rangaɗau. A nan babbar fitila daga gefe guda take zuwa, an rage wadda ke cike inuwa, sai rabin fuska ya shiga duhu, inuwar ƙarafan baranda da ta matakala ta kwanta a bango. Amfanin wannan shi ne idan aka fita daga lungun da aka yi faɗa aka shiga gidan rawa, ido ba ya jin an canza fim. Hayaƙin sigari ma yana da aiki, shi ke sa a ga sandar hasken da ke sauka kan mawaƙi. Haɗarin irin wannan haske shi ne ɗan wasan da ke yawan motsi yana iya fita daga inda aka saita fitila, ga Elvis kuwa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Shi ya sa dandamali ke samun haske mai faɗi, a bar duhun a kan teburan 'yan kallo inda su Maxie suke zaune.

Sai zaɓen 'yan wasa, wanda a ganina shi ne abin da aka fi mantawa da shi. An kewaye sabon shiga da gogaggu. Dean Jagger, uban Danny, ya riga ya ci kyautar Oscar da fim ɗin Twelve O'Clock High na 1949. A nan mai haɗa magani ne da ya karaya bayan rasuwar matarsa, ya rasa kantinsa, ya koma yaron wani yana shan tsawa a gaban ɗansa. Wannan kunyar ce ke tura Danny hannun 'yan daba, ba son kuɗi kawai ba. Har ya yarda a tare maigidan uban nasa a hanyar kai kuɗi banki, sai aka yi rashin sa'a a daren uban ne ya ɗauki jakar, shi aka raunata. Maxie ya biya kuɗin aikin asibiti, ya kuma riƙe sirrin a matsayin igiyar da zai ja yaron da ita. Carolyn Jones a matsayin Ronnie ta fi kowa a fim ɗin, mace mai wayo da ta san ta riga ta faɗa rami, tana sha tana yi wa kanta dariya. Vic Morrow shi ne Shark. Idan mawaƙi yana tsaye gaban irin waɗannan, abin da ake buƙata daga gare shi ya saurara ya mayar da martani, kuma Elvis ya iya wannan fiye da yadda ake zato.

Ƙarshen labarin akwai hannun dokar tace finafinai ta Hollywood, wadda aka tsaurara daga 1934 har zuwa 1968. A ƙarƙashinta mai laifi ba ya cin bulus. Shark ya mutu a faɗan lungu, Maxie ya harbe Ronnie a gidan bakin ruwa inda ta ɓoye Danny, shi ma Maxie ya mutu a kokawa da yaronsa bebe wanda Danny ya taɓa yi wa alheri. Mutuwar Ronnie ta taɓa zuciya, amma ana iya hango ta tun daga tsakiyar fim, domin macen da ke zaman dadiro da ɗan daba ba ta cika tsira a finafinan wancan lokaci ba. Akwai wasu raunukan. Bayan Danny ya samu aiki a King Creole, an jera waƙoƙin dandamali kusa da kusa, irin su "Dixieland Rock" da "Young Dreams", waɗanda aikinsu ɗaya ne, nuna cewa ya karɓu. Guda biyu sun isa. Soyayyar yayarsa Mimi da Charlie LeGrand ma ba ta ƙara komai ba. Abin mamaki kuma, "Hard Headed Woman", wadda ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin waƙoƙin da suka fi tashe na mujallar Billboard ta Amurka, ɗan guntunta kawai ake ji a fim ɗin.

An yi aikin ne cikin ƙurewar lokaci. Takardar kiran Elvis aikin soja ta iso a Disambar 1957, Paramount kuma ta riga ta zuba kuɗi, sai hukumar ɗaukar soja ta ɗaga masa kwana 60. Aka fara ɗauka a ƙarshen Janairu, yawanci a sutudiyon Paramount, sannan aka je New Orleans don fitowar tituna da ta bakin tafkin Pontchartrain, inda cunkoson masoya ya riƙa kawo cikas. Ranar 24 ga Maris 1958 ya shiga soja, fim ya fito ranar 2 ga Yuli yana bariki.

Da ya dawo daga aikin soja a Jamus a 1960, Wallis ya sa shi a G.I. Blues, sannan Blue Hawaii a 1961, masu launi, masu barkwanci, inda waƙa kan ɓarke a mota ko a bakin teku da cikakken kiɗan da ba a ga masu yinsa. Sun kawo kuɗi sosai. Flaming Star da Wild in the Country, waɗanda aka gwada labari mai nauyi da ƙarancin waƙa, ba su kai su ciniki ba, don haka manajansa Kanar Tom Parker da kamfanonin suka tsaya kan tsarin da ke sayar da tikiti da faifai lokaci guda, aka ci gaba da shi kusan har ƙarshen shekarun 1960.