Kujera goma sha huɗu a Soka, abincin dare ba giya

Duk wanda ya ji ina da gidan abinci a Japan sai ya ɗauka tuwo da miyar kuka nake sayar wa 'yan uwa baƙi. A'a wallahi. Abincin Japanawa nake dafawa, kuma kwastomomina kusan duk Japanawa ne, yawanci ma dattawa. Shagon yana cikin wata unguwa a garin Soka, jihar Saitama, arewa da Tokyo kaɗan, in ka hau jirgin layin Tobu daga Kita-Senju kafin ka gama duba saƙonnin wayarka ka iso. Garin da aka sani da senbei ne, wani gasasshen biskit na shinkafa mai ƙaras-ƙaras. Kujera goma sha huɗu ce kacal, shida a kanta inda nake tsaye ina aiki a gaban idonsu, sai tebur biyu masu cin mutum hurhuɗu. Biyar da rabi na yamma uwargida ke rataya noren, wato ɗan labulen nan na bakin ƙofa da ke nuna an buɗe, tara muke karɓar odar ƙarshe, tara da rabi ta sauke shi.

Ba ni na kafa wajen ba, na surukina ne, ya fi shekara talatin yana riƙe da shi. Ni harkar motoci ce ta kawo ni ƙasar, sayen tsofaffin motoci da kayan gyara a gwanjo ana lodawa a kwantena, irin sana'ar da 'yan Pakistan suka cika Yashio da ita, maƙwabtanmu ne kuma can nake zuwa sallar Juma'a har gobe. Da gwiwa ta fara hana tsoho tsayuwa sai na riƙa shiga kicin da yamma ina taya shi wanke-wanke, shekara biyu cur bai bari na taɓa wuƙar kifi ba, sai wanke shinkafa da goge kanta da fere daikon, wani farin tushe kamar ƙatuwar karas. Ranar da ya ce in karɓi shagon na ce Otosan, haka nake kiransa wato Baba, zan karɓa amma ba zan sayar da giya ba kuma alade ba zai shigo kicin ba. Ya daɗe yana kallona sannan ya ɗaga kofin gilashi ya nuna min, ya ce a cikin wannan ribar dare take, abincin kawai dalilin zama ne. Kuma gaskiyarsa, duk mai gidan abincin dare a nan ya san haka, kifi kuɗinsa na tafiya a kasuwa da gas da aiki da abin da ya lalace, kwalba kuwa buɗewa kawai za ka yi.

Wata ukun farko na ji jiki. Tsofaffin 'yan gida, su ake kira joren, waɗanda kowa ke da kujerarsa da kwalbarsa mai suna a kan shelf, ɗaya bayan ɗaya suka janye. Ba wanda ya yi faɗa, su ba sa haka, mutum zai ci ya sunkuya ya yi godiya, shi ke nan ba za ka sake ganinsa ba sai dai a tasha ku gaisa. Akwai daren da muka zauna ni da maman yara daga buɗewa har rufewa mutum biyu suka shigo, muka cinye sauran kifin da kanmu ba wanda ya ce wa wani uffan.

Sai wasu irin mutane dabam suka fara leƙowa, kuma ni ban yi talla ba. Wani tsoho da matarsa da likita ya hana su sha, mata masu fitowa daga aiki su kaɗai da ba sa son zama kusa da teburin 'yan ofis da suka bugu suna ihu, wata nas da ke zuwa duk Talata ta zauna a kujerar ƙarshe ta kanta ta ci ta tafi, da masu zuwa da mota, don dokar tuƙi a nan ba wasa, tun gyaran 2007 har wanda ya ba direba giya ana iya kama shi. Ashe a unguwa irin tamu akwai mutane da yawa da ke neman inda za su ci abincin dare ba hayaniya ba warin taba. To da aka hana shan taba cikin gidajen abinci a Afrilun 2020 mu mun riga mun hana, da korona ta zo kuma, a 2021 gwamnati ta ce a daina ba da giya a rufe ƙarfe takwas, maƙwabtana masu izakaya, wato gidajen shan giya da ɗan abinci, suka shiga uku, ni kam awa ɗaya da rabi kawai na rage. Ba murna nake da wahalar kowa ba, Allah Ya sani, amma lokacin ne Otosan ya daina maganar kofin gilashi.

Abin da ya fi ba ni wahala ba kwalbar kan tebur ba ce, ta cikin tukunya ce. Girkin Japanawa rabi a kan mirin da sake yake tsaye, giya ce iri biyu da ake yi da shinkafa, mirin na gaske yana da barasa wajen kashi 14 cikin ɗari, shi ke ba dafaffen kifi zaƙi mai laushi da wannan ƙyallin da ke sa miya ta kama jikin kifi kamar an shafa masa mai, sake kuma shi ke kashe ƙarni. Wasu za su ce ai in ya tafasa ya tashi, ni dai raina bai kwanta ba. Na fara da sukari zalla, ya fito da zaƙi mai kaifi kamar alewa. Na koma haɗa sukari kaɗan da mizuame, wani ruwan zaƙi mai danƙo, da ɗigon ruwan tsami na shinkafa, ƙarni kuma na koma kashe shi tun kafin tukunya, in barbaɗa gishiri a bar shi minti goma sha biyar ya fitar da ruwa, in kwara masa ruwan zafi har fatar ta yi fari, in tsoma a ruwan ƙanƙara in goge jini da sauran ɓawo da yatsa, sannan citta. Kullum in dafa kifin saba da miso, wani kwaɓin waken soya mai gishiri, in ajiye gaban tsoho, ya ɗanɗana ya ajiye tsinken cin abincin ya juya kai ga talabijin. Wata biyar haka. Ranar da ya cinye har ya zuba sauran miyar a kan shinkafa bai ce komai ba, uwargida ce ta taka min ƙafa a ƙarƙashin kanta. Shoyu ma, wato baƙin ruwan waken soya mai gishiri da ake sa wa girki, sai da na nemi mai shaidar halal, ya fi tsada kuma ba kowane dila ke kawowa ba.

Ranata tana farawa bayan asuba. Ba na zuwa Toyosu, babbar kasuwar da ta gaji Tsukiji a 2018, ta yi min nisa kuma abin da nake saye bai taka kara ya karya ba, kasuwar Adachi da ke Senju nake zuwa da 'yar motata. Ba na tafiya da lissafin abin da zan saya, sai na ga abin da ya shigo. Su suna da abin da suke kira shun, wato lokacin da kowane abu ke kan ganiyarsa, kifin katsuo na farko da tsiron gora a bazararsu, kifin sanma a kaka, kifin buri mai kitse a tsakiyar sanyi, kuma dattawan nan sun san shi kamar yadda muka san lokacin ɗanyar masara da mangwaro, in ka kawo abu ba lokacinsa ba za su ci amma sun gane. Shi ya sa menu ɗina allo ne da alli, uwargida ke rubutawa kullum don rubutun kanji na, wato haruffansu, har yanzu kamar kaza ta yi tonon ƙasa.

Da na dawo sai dashi, wato romon da ake haɗa girki da shi. In dashi ya lalace komai na daren ya lalace, miyar miso, dafaffen kayan lambu, ƙwai, duk a kansa suke. Abu biyu ne kawai da ruwa, kombu, busasshen ganyen teku da galibi daga Hokkaido yake zuwa, da katsuobushi, kifin da aka dafa aka ƙyafe aka busar har ya zama kamar guntun itace, sai a kankare shi siriri. Kombu ba a wanke shi, gogewa ake da ɗanyen tsumma don farin garin da ke jikinsa ɗanɗano ne. In jiƙa shi awa ɗaya, in ɗora a wuta ƙasa-ƙasa, da na ga ƙananan kumfa sun fara tasowa daga gindin tukunya in cire shi, in ka bari ya tafasa ruwan zai yi yauƙi da ɗaci. Sai in kashe wuta in watsa katsuobushi cike da hannu biyu, in tsaya ina kallo yana nitsewa, minti ɗaya zuwa biyu, in tace a ƙyalle ba matsewa. Wannan matsewar ita na sha faɗa a kanta, hannun Bahaushe ba ya son ganin ruwa ya rage a tsumma. Wani malamin jami'a a Tokyo, Ikeda Kikunae, shi ya gano sinadarin da ke ba kombu wannan daɗin a 1908 ya sa masa suna umami, ni kuwa ranar da na fara shaƙar tukunyar abin da ya faɗo min shi ne miyar kakata da ta sha daddawa da busasshen kifi. Natto ɗinsu ma, waken nan mai yauƙi da wasu baƙi ke gudu, ɗan uwan daddawa ne kai tsaye, shi ya sa tun ranar farko na ci ban yamutsa fuska ba, kwastomomi har yau suna ba juna labari.

Ɗanyen kifi kuma shi ne inda barci ke ƙaurace min. Akwai wata farar tsutsa, anisakis, kamar guntun zare, tana zama a cikin saba da sanma da ika, wata halittar teku mai hannuwa da yawa, in ta shiga cikin mutum da rai ciwon ciki ne na fitar hankali, kuma hukumar lafiya ta unguwa, hokenjo, wadda ta ba ka lasisi, ita za ta rufe ka. Gishiri ba ya kashe ta, ruwan tsami ba ya kashe ta, wasabi, koren yajin nan nasu, ma haka. Ko wuta, ko firiza mai sanyin 20 ƙasa da sifiri na awa 24. Ina cire hanji tun da wuri, in yanka in ɗaga kowane yanki a gaban fitila da hantsaki a hannu, wanda raina bai kwanta da shi ba ya tafi gashi. Wuƙaƙen Otosan nake amfani da su, deba ta fasa kifi da yanagiba doguwa ta yanka, bakinsu gefe ɗaya ne, duk dare sai na wasa su a dutse kafin in kashe wuta.

Kuɗi kam, a ce alhamdu lillahi. Harajin saye kashi 10 ne in an ci a shago, 8 in an tafi da shi gida, tun Oktoban 2019, ba a karɓar tukuici ko kaɗan, in ka bar canji za a biyo ka da shi har titi. Ɗalibar da ke taya mu Juma'a da Asabar albashinta ya haura yen dubu a awa. Sharar shago ba a haɗa ta da ta gida, kamfani ake biya ya kwasa. Sai shinkafa da ta tashi tun 2024, buhun kilo 5 ya haura yen 4,000 a 2025 har gwamnati ta buɗe rumbunta, mu kuma al'adarmu ƙarin shinkafa kyauta ne. Mun yi ta jayayya da maman yara, ita ta ce a daina, ni na ce kunya ba za ta bar ni in ƙirga wa tsohuwa loma ba, ƙarshe muka ƙara yen ɗari a kan kowane faranti ta rubuta takardar ban haƙuri da hannu ta manna a ƙofa. Ba wanda ya tanka, sai wani tsoho da ya gyara mata harafi ɗaya.

Unguwa ce ta gidajen kwana, bangonmu da na maƙwabta tazarar hannu ce. Na taɓa samun takarda a akwatin wasiƙa ba suna, wai fankar hayaƙi tana ƙara bayan tara, washegari na kira mai gyara, sannan na bi gida uku da kwalin senbei ina sunkuyawa duk da ban san wanda ya rubuta ba. Rediyo ma a shagon ƙasa-ƙasa yake, har kana jin ƙarar man tempura da tsinke yana taɓa kwano. Masuta suke kirana, wato mai shago. A azumi ina tsaye ina gasa kifi da ƙishi, lokacin shan ruwa yana faɗowa daidai farkon cikar shago, yanzu nas ɗin nan ta Talata ita ke duba agogo ta ce Masuta lokaci ya yi, in juya baya in ci dabino uku in kurɓi ruwa in dawo kan wuta. Bara wata tsohuwa ta kawo min dabino a ƙaramar leda daga wani shago a Ueno, ta ce ba ta sani ba ko irinsa ne. Na ajiye biyu a ɗan faranti kusa da shayinta, ta ci ɗaya, ta naɗe ɗayan a hankici ta ce na maigidanta ne da ke kwance a gida.